Kowa da Allonsa: Yadda Manyan Malaman Yoga Suka Yanka Darasi Daidai Jikin Ɗalibi

Duk wanda ya tsaya bakin titi a Tudun Fulani ta Minna da sassafe, kan hanyar da ta fito daga Bosso ta nufi Maikunkele, zai ga sana'ar kowa rubuce a jikinsa. Ga direban Keke Napep, wanda zai wuni a dunƙule har magariba. Ga matan Gbagyi sun shigo daga ƙauye da itace ko doya a kafaɗa, don su ba a ka suke ɗaukar kaya ba. Ga Bafulatani ya gicciya sanda a bayan wuya, ya rataya hannuwansa biyu a kanta, ƙirji a buɗe. Ga ɗalibin Jami'ar Fasaha ta Tarayya yana tafe, wuya a sunkuye kan waya. Ga tela yana buɗe shago, ga kuma dattijon da ya fito daga masallaci bayan ya yi sallar asuba a kan kujera, saboda gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa.

A ce duk waɗannan mutane an tara su a fili ɗaya, an ba mutum ɗaya aikin koya musu motsa jiki. Da wa zai fara? Abin da zai warware bayan tela yana iya kwantar da dattijon. Tsugunon da Bature ke biyan kuɗi yana koya wata da watanni, matar da ta girma gaban murhu tana yinsa ba ta san ma yana da suna ba. Darasi ɗaya ba zai yi wa taron nan daidai ba, kamar yadda riga ɗaya ba za ta shige su duka ba.

A kan wannan matsala ce manyan malaman yoga na ƙarnin da ya shige suka ƙare rayuwarsu. Yoga kuwa ta daina zama baƙuwa a idon Bahaushe. Mun fara hangen ta a finafinan Indiya, inda ake nuna tsoho mai dogon gemu zaune bisa dutse, ƙafafu a harɗe. Yau ta shigo aljihu ta YouTube da TikTok. Tun 2015 ake bikin ranarta ta duniya kowace 21 ga Yuni, bayan Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da hakan a Disamban 2014, kuma ofishin jakadancin Indiya a Abuja kan shirya nasa taron. Sai dai hoton waya yana nuna ƙarshen karatu ne kawai: budurwa ta naɗe kamar igiya, saurayi ya tsaya da ka. Abin da ba ya nunawa shi ne malamin, da yadda ya kai ɗalibin wurin.

Asalin abin

Yoga tsohuwar hanya ce ta horar da jiki da numfashi da hankali, wadda ta tsiro a Indiya cikin addinan ƙasar. Littafin da aka fi komawa gare shi na wani malami ne mai suna Patanjali, ɗan ƙaramin littafi mai gajerun jimloli ƙasa da 200. Ya kasa hanyar kashi 8, kuma tsayuwa da zaman jiki, waɗanda suke kira asana, kashi ɗaya ne kacal. Sauran sun shafi kyan hali, kame kai, sarrafa numfashi da tattara hankali.

Malaman Musulmi sun daɗe da sanin littafin. Abu Raihan al-Biruni ya mai da shi Larabci a ƙarni na 11. A ƙarni na 16 wani shehin Sufaye na Indiya, Muhammad Gaus na Gwalior, ya rubuta Bahrul Hayat da Farisanci, kuma kwafin da aka ƙawata da zane a farkon shekarun 1600 yana cikin tsofaffin littattafan da suka nuna siffofin zaman yoga a hoto.

Amma yogar da ake gani yau, mai tabarma da aji da malami a gaba, ba ta wuce shekara ɗari da 'yan kai ba. Yawancinta daga hannun mutum ɗaya ta fito.

Malamin fada da ya sauya hali

An haifi Tirumalai Krishnamacharya a 1888 a kudancin Indiya, ya rasu a 1989 yana da shekara 100. Malami ne na Sanskirit da falsafa, ya yi karatu a Banaras, ya kuma san maganin gargajiyar Indiya da ake kira Ayurbeda. Sarkin Mysore, Krishna Raja Wadiyar na Huɗu, shi ya ɗauke shi aiki, aka buɗe masa makaranta a fadar Jaganmohan a 1933.

Ɗalibansa na wannan lokaci yara maza ne masu jini a jika, da yawansu 'ya'yan gidan sarauta. Sai ya ba su abin da ya dace da ƙuruciya: motsi mai zafi, daga wannan tsayuwa a faɗa waccan ba hutawa, kowane motsi ɗaure da shaƙa ko fitar da numfashi. Yana yawo da su gari-gari suna nuna bajinta don jawo hankalin jama'a. Waɗanda suka zauna gabansa a shekarun nan sun tuna shi a matsayin malami mai zafin rai, wanda ba a haɗa ido da shi.

Da Indiya ta sami 'yancin kai a 1947, ƙarfin sarakuna ya ragu, aka rufe makarantar a 1950. Malamin ya koma Madras, birnin da yanzu ake kira Chennai, ya haura shekara 60, babu fada, babu albashin sarki. Masu zuwa wurinsa yanzu lauyoyi ne da 'yan kasuwa da matan aure, wani da asma, wani da ciwon sukari, wani ɓarin jikinsa ya shanye. Tsallen yaran fada ba zai yi musu ba. Nan ne koyarwarsa ta juya. Ya koma ganin mutum ɗaya-ɗaya. Yakan taɓa jijiyar hannu, ya tambayi abinci da barci da sana'a, sannan ya tsara wa kowa nasa. Ƙa'idar da ɗalibansa suka fi riƙewa daga gare shi ita ce, a koya wa mutum abin da ya dace da shi. An kuma ruwaito cewa idan ɗalibi ba Bahinde ba ne, yakan ce ya riƙe abin da addininsa ya koya masa.

Wannan ne ya sa manyan almajiransa suka fito kamar ba gaban malami ɗaya suka durƙusa ba. Indra Devi, wadda aka haifa a Riga a 1899, da farko ya ƙi karɓarta don mace ce kuma baƙuwa, sai da sarki ya sa baki. Yoga mai taushi ya koya mata, ita kuma ta kai ta Hollywood a ƙarshen shekarun 1940. Pattabhi Jois ya riƙe mai zafin ta zamanin fada. Ɗan malamin, Desikachar, ya gaji ta Madras, ta mutum ɗaya-ɗaya. Na huɗunsu, wanda ya fi su suna, shi ne wanda malamin ya fi rainawa.

Yaron da ciwo ya rena

B.K.S. Iyengar ya zo duniya ran 14 ga Disamba 1918 a ƙauyen Bellur, ana tsakiyar annobar murar da ta kashe miliyoyin mutane, mahaifiyarsa ma tana kwance da ita. Ya tashi da zazzaɓin cizon sauro, da taifod, da tarin fuka, ga yunwa. Mahaifinsa, malamin makaranta, ya rasu yaron bai kai shekara 10 ba. A 1934, yana ɗan shekara 15, aka kai shi Mysore gidan yayarsa, wadda Krishnamacharya ke aure.

Yaron idan ya sunkuya, yatsunsa da ƙyar suke wuce gwiwa. Mijin yayar bai ga alamar malanta a tare da shi ba, aikace-aikacen gida ya fi sa shi. Sai da ɗalibin da ake ji da shi ya gudu ana gab da wani taro, sannan aka jawo Iyengar ya cike gurbi. Shi da bakinsa ya sha ba da labarin ranar da aka tilasta masa ware ƙafafu har ƙasa gaban baƙi, abin da bai taɓa yi ba, jijiyar bayan cinyarsa ta yage, ya daɗe yana jinya. Ya kuma ce ainihin kwanakin da malamin ya zauna ya koya masa ba su wuce kwana 15 ba.

A 1937 aka tura shi Pune ya koyar, yana ɗan shekara 18, ba ya jin yaren garin, Turancinsa kaɗan, wasu ɗalibansa ma sun fi shi ƙarfi da lafiya. Ba shi da wanda zai tambaya, sai ya mai da jikinsa littafi. Yakan yi sa'o'i yana gwada tsayuwa ɗaya: idan na juya diddige haka, me gwiwa za ta ji? Idan na danna babban yatsan ƙafa, ina nauyin zai koma? Daga nan salonsa ya fito. A ajinsa akan daɗe a tsayuwa ɗaya, malami yana bin gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya da umarni, har hankalin ɗalibi ya rasa wurin zuwa sai cikin jikinsa. A ganinsa, wanda ya iya tattara hankalinsa a kan tafin ƙafarsa ya riga ya fara koyon natsuwa.

Babbar gudummawarsa ta fito ne daga raunin da ya sha. Tun da ya san yadda jiki ke ƙin bin umarni, sai ya nemo wa marasa ƙarfi mataimaka. Wanda hannunsa bai kai ƙasa ba, a sa masa bulo na katako, ƙasa ta taso ta same shi. Wanda bai iya kamo ƙafarsa ba, a ba shi ɗamara ya zarga. Wanda bai iya zama a ƙasa ba, a naɗe masa bargo, ko a ba shi kujera. Ya ɗaure igiyoyi a bango, ya sa kafintoci suka ƙera masa bencina iri-iri. Da tarkacen gida da na titi ya fara gwajin. Yau a ɗakunan yoga da yawa a duniya ana samun bulo da ɗamara, har a wurin waɗanda ba su taɓa jin sunansa ba.

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Iyengar ya yi aikinsa ne a kan busasshen icce. Bayan haɗuwarsa da shahararren mai goge Yehudi Menuhin a Bombay a 1952, wanda ya gayyace shi Suwizalan a 1954, ya koya wa Sarauniya Elisabeth ta Beljiyam tsayuwa da ka alhali ta kai shekara 80. Littafinsa Light on Yoga ya fito a 1966 da siffofi kusan 200 da hotuna kusan 600. A 1975 ya buɗe cibiyarsa a Pune da sunan matarsa Ramamani, wadda ta rasu a 1973, kuma a can aka ware aji na musamman don marasa lafiya, inda za ka ga mutum goma kowa na yin abu daban. 'Yarsa Geeta ta tsara darussan mata, na lokacin al'ada da juna biyu da bayan haihuwa. Ya rasu ran 20 ga Agusta 2014 yana da shekara 95, bayan ya gina wa ƙauyensu makaranta da asibiti.

Ɗakin Mysore da makarantar allo

Bahaushen da ya shiga aji irin na Pattabhi Jois a Mysore da asuba ba zai ji baƙunta ba. Babu malami a gaba yana yi ana kwaikwayo. Kowa na kan tabarmarsa yana bin jerin motsin da ya haddace, wani yana farko, wani ya yi nisa, sautin numfashi kawai ke tashi. Malam yana zagayawa. Idan ɗalibi ya iso inda ya kasa, nan zai tsaya, ko da wata shida zai yi a wurin. Ranar da malam ya ga ya iya, sai ya ƙara masa guda ɗaya.

Wannan ai tsarin makarantar allo ne. Yara talatin a zaure ɗaya, kowa da allonsa, wani yana babbaƙu, wani yana farfaru, wani ya kama hadda. Malam yana biya wa kowa nasa. Ba a wanke allo sai karatu ya zauna, ba a yin ƙari don kawai na kusa da kai an yi masa. Yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa ba ya jiran mai nauyin kai, mai nauyin kai kuma ba a jansa da gudu. Mun daɗe da wannan hikima a gida, ta fitar da alarammomi da gwanaye. Sai ga shi Turawa suna biyan kuɗin jirgi zuwa Indiya don su ɗanɗana irinta.

Desikachar, wanda aka haifa a 1938, ya ƙara matsawa da ita gaba. Injiniya ne da ya ajiye aikinsa ya zauna gaban mahaifinsa kusan shekara 30. A cibiyar da ya kafa a Madras a 1976, sabon zuwa ba ya faɗawa aji kai tsaye. Sai an zauna da shi an ji damuwarsa, an duba yadda yake tsayuwa da yadda yake numfashi, sannan a zana masa ɗan gajeren darasi a takarda, ya je gida ya riƙa yi, ya dawo a duba a gyara. Ma'auninsa numfashi ne. Idan numfashin ɗalibi ya fara sarƙewa ko yana fizga, to an wuce gona da iri, komai kyan da tsayuwar ta yi a ido.

Inda hannun malami ke wuce iyaka

Labarin nan yana da ɓangare mai ɗaci. Iyengar da ya ƙirƙiro bulo don tausayin mai rauni, shi ne kuma malamin da ke daka tsawa, ya mari cinyar ɗalibi ko ya taɓa shi da ƙafa don ya farkar da gaɓar da ta yi barci. Har wasu ɗalibansa Turawa suka riƙa yi masa shaguɓe cewa haruffa ukun farkon sunansa na nufin duka, shuri da mari. Masu kare shi sun ce zafin kishin karatu ne. Wasu kuwa sun tafi ba su dawo ba. Mu ma mun san wannan muhawara, don an yi ta a kan bulalar makarantar allo.

Abin da ya fi wannan muni ya fito daga baya. Bayan rasuwar Pattabhi Jois a 2009, mata da dama da suka yi karatu wurinsa sun fito sun bayyana cewa yakan taɓa su ta hanyar da ba ta dace ba da sunan gyara tsayuwa, kuma a 2019 jikansa da ya gaje shi ya amsa cewa ya ga irin hakan. A Amurka, wata kotu a Los Angeles ta ci Bikram Choudhury, mai yogar ɗaki mai zafi, tarar fiye da dala miliyan 6 a 2016, a ƙarar da tsohuwar lauyarsa ta shigar kan cin zarafi da kora ba bisa ƙa'ida ba.

Darasin a fili yake. Inda aka ɗaukaka malami har ya zama ba a tambayarsa, ɓarna na samun wurin ɓuya. Shi ya sa makarantu da yawa yanzu suka sa doka: ba a taɓa ɗalibi sai da izininsa, kuma gyara da baki ya fi gyara da hannu. A wurinmu maganar ta fi sauƙi, tun da al'ada da addini sun riga sun shata layin. Mace ta koya wa mata a cikin gida, namiji ya koya wa maza.

Akwai kuma matsalar takardar sheda. A ƙasashe da yawa, kwas na sa'a 200 ya isa a kira mutum malamin yoga, abin da ake iya gamawa cikin wata guda. A tsarin Iyengar sai mutum ya yi shekaru yana ɗalibta kafin a fara horar da shi koyarwa. Wanda ya yi wata ɗaya yana iya nuna tsayuwa. Gane abin da ke damun bayan wani kuwa sai an daɗe ana kallon bayan mutane.

Tambayar da Musulmi zai yi

Mai karatu a Minna ko Kano ba zai kai nan ba tare da ya tambaya ba: ya halatta? Tambayar tana kan hanya, domin yoga ta tashi ne cikin addinin Hindu, kuma wasu azuzuwan suna buɗewa da rera kalmomin bauta. Akwai ma jerin motsin da sunansa ke nufin gaisuwa ga rana.

Majalisar fatawa ta ƙasar Maleshiya ta hana Musulmi yoga a Nuwamban 2008 saboda waɗannan abubuwa, ko da yake firaministan lokacin, Abdullah Badawi, ya ce ana iya yin ta idan babu rera kalmomin. A Janairun 2009 majalisar malaman Indunusiya ta rarrabe: wadda ta ƙunshi ibadar wani addini haramun ce, wadda motsa jiki ce zalla babu laifi. A Indiya kanta, an cire gaisuwar rana daga tsarin bikin hukuma na 2015 bayan ƙungiyoyin Musulmi sun yi ƙorafi. Saudiyya kuwa ta sa yoga cikin jerin wasannin da ake ba lasisi a Nuwamban 2017, bayan doguwar fafutukar Nouf Marwaai, wadda ta kama yoga saboda cutar lupus da ta addabe ta, cutar da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi mai ita. Indiya ta ba ta lambar girma ta Padma Shri a 2018.

Hukunci na malaman addini ne, kuma kowa ya san wanda yake tambaya. Abin da ya rataya a wuyan mai koyarwa shi ne gaskiya: ya faɗi asalin abin da yake koyarwa, ya bar duk wata kalma ko motsi na bauta, kada kuma ya ce salla ai yoga ce don ya jawo kasuwa. Salla ibada ce, miƙe jijiya kuwa neman lafiya ne. Sanin aƙidar ɗalibi yana cikin sanin ɗalibi, daidai da sanin gwiwarsa.

Abin da likitoci suka tabbatar

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu da gadon baya a 2020, kuma shi ne kan gaba wajen hana mutane aiki a duniya. Hukumar tana ba baligi shawarar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako.

A 2017 ƙungiyar likitocin Amurka ta sa yoga cikin abubuwan da za a fara gwadawa kan daɗaɗɗen ciwon baya kafin a kai ga ƙwayoyi. A shekarar ce aka wallafa wani bincike da Dokta Robert Saper ya jagoranta a Boston, kan mutum 320, yawancinsu masu ƙaramin ƙarfi. An raba su uku: wasu ajin yoga mai taushi sau ɗaya a mako har mako 12, wasu wurin likitocin gashin ƙashi, wasu aka ba su littafi. Masu yoga sun sami sauƙi kwatankwacin na masu zuwa gashi. Da aka tattara bincike da yawa wuri ɗaya, abin da ya fito shi ne yoga ta fi zama haka nan, amma fifikonta a kan sauran nau'o'in motsa jiki kaɗan ne ko babu.

Wato tana taimako, amma ba ta maye gurbin asibiti. Duk malamin da ya ce wa mai ciwon sukari ko hawan jini ya ajiye maganinsa, a guje shi. Mai hawan jinin ido ko ciwon wuya ba ya tsayuwa da ka. Mai juna biyu, da wanda aka yi wa tiyata, da wanda ciwon bayansa ke saukowa ƙafa da kasala ko sanyin gaɓa, likita za su fara gani.

Idan aka dawo gida

To, wanda ya ce zai koyar da wannan abu a Tudun Fulani, ko Rafin Yashi, ko Kpakungu, me zai ɗauka daga waɗannan malamai?

Kayan aiki dai ba sai an yi odarsu ba. Tabarma tana nan. Tsohon zani ko ɗankwali ya isa ɗamara. Kujerar tsakar gida, da matashin kai, da bangon ɗaki, da bulon da ya rage daga gini, duk irin abin da Iyengar ya fara da su ne. Lokaci ma sananne ne: bayan asuba, kafin ranar Minna ta buɗe, musamman a watannin Maris da Afrilu. Da hunturu a ƙara lokacin ɗumama jiki, da azumi a sassauta.

Abin da ba a saye a kasuwa shi ne ido da kunne. Direban keke yana buƙatar abin da zai buɗe masa ƙirji da gaban cinya, tun da wuni yake a naɗe. Matar da ke ɗaukar kaya a kafaɗa ɗaya shekara da shekaru, ɓangarorin jikinta biyu ba daidai suke ba, darasinta ma ba zai zama daidai a dama da hagu ba. Makiyayin da ke tafiyar kilomitoci kullum ba ƙarin wahala yake nema ba, wataƙila kwanciya da ƙafafu a jingine da bango ta fi masa komai. Ɗalibin jami'a mai ganin zai iya duk abin da ya gani a waya, aikin malami a kansa shi ne ya riƙe masa linzami. Maijego sai ta gama wankan jego, likita ya ce to.

Dattijon nan mai salla a kujera kuwa, shi ne jarrabawar malami. Ba za a fara da nuna masa hoton mai tsayuwa da ka ba. Za a durƙusa a gaishe shi, a ce, "Baba, wace gwiwar ce ta fi damunka, kuma da wane lokaci take tashi?" A bar shi ya gama bayani, har da na maganin da ya sha da wanda ya shafa. Sannan a ba shi abu ɗaya ko biyu, yana zaune kan kujerar tasa: ya miƙe ƙafa a hankali yana shaƙar numfashi, ya sauke yana fitarwa, sau biyar kowace ƙafa. A ce ya yi mako guda a kan wannan. Idan ya dawo ya ce, "Yaro, na ji dama-dama," sai a wanke allo a yi masa ƙari. Idan kuma ya ce ciwon ƙaruwa ya yi, malamin ne zai koma ya sake duba abin da ya rubuta masa.